Filin Gida da Iyali: Amanar da ke ƙarƙashin tsakar gida

  

A wannan fitowa za mu taɓa maganar da ba a cika son yi a zaure ba, balle a kan tabarmar cin abinci, wato maganar ramin masai da yadda ake kula da shi. Muna neman afuwar dattawa. Sai dai duk wanda ya zauna gaban malami ya san cewa littattafan da aka fara biya mana, Ahalari da Ishmawi da Iziyya da Risala, ba su ji nauyin wannan magana ba. Sun koya mana yadda ake shiga makewayi da yadda ake fita, da ƙafar da ake gabatarwa, da hannun da ake tsarki da shi. Alhamdu lillahi, wannan karatu ya zauna: da wuya a sami gidan Musulmi da babu buta a bakin makewayi. Tambayar da ta rage ita ce, najasar da muka wanke daga jikinmu, ina ta tafi? Ba ta ɓace ba. Tana nan ƙarƙashin tsakar gida, kuma idan mai gida bai kula da ita ba, za ta nemi hanya da kanta, galibi kuwa hanyar takan bi ta rijiyar maƙwabci ko ta ƙofar gidansa.

Bari mu fara da bambancewa, domin ana yawan haɗa abubuwa biyu. Akwai salanga irin ta gargajiya, rami guda wanda ƙasa ke shanye ruwansa, idan ya cika a rufe a haƙa wani. Akwai kuma abin da magina ke kira fos, daga Faransanci, wanda ya yawaita a gidajen siminti na Yamai da Maraɗi da Damagaram da Tawa tun da famfo ya shiga gidaje. Shi fos akwati ne na siminti da aka shafe cikinsa don kada ya yi yoyo, an raba shi ɗaki biyu, na farko ya kai kashi biyu cikin uku na girmansa. Daga ɗaki na biyu tiyo ke fita zuwa wata rijiya da aka cika da duwatsu, wadda ake ce wa puwizar, ƴan uwanmu na Najeriya kuma su ce sokawe. Wani Bafaranshe mai suna Jean-Louis Mouras, mutumin garin Vesoul, shi ya fara gina irinsa a gidansa wajejen 1860, ya kuma yi masa rajista a 1881.

Abin da ke faruwa a cikin wannan akwati abin lura ne ga mai tunani. Duk abin da ya shiga yakan rabu gida uku. Mai nauyi ya nutse ya zama laka a ƙasa, maiƙo da kumfa su taso su yi ɓawo a sama, ruwa ya tsaya a tsakiya. A cikin lakar nan akwai ƙananan halittu da ido ba ya gani, waɗanda masana ke kira bakteriya, suna rayuwa ba tare da iska ba, abincinsu kuwa shi ne ƙazantar. Su ne ke narkar da ita dare da rana, su rage yawanta, ba su karɓar ladan kowa. Ruwan tsakiya kaɗai ya kamata ya wuce zuwa puwizar, kuma sai ya kwana aƙalla yini guda cur a cikin fos kafin ya wuce, don ƙazantar ta sami damar kwanciya. Amma a kiyaye: ruwan da ya fita daga fos bai tsarkaka ba. Yana ɗauke da ƙwayoyin cuta tuli. Ƙasar da ke kewaye da puwizar ita ce ke ƙarasa tacewa, a hankali, gwargwadon nisan da ruwan ya yi a cikinta.

A nan ne muke so mu ɗan daɗe, domin a nan ne karatun zaure da ilimin likita ke buƙatar zama wuri guda. A mazhabarmu ta Malikiyya, ana duba ruwa ta siffofi uku: launi da ɗanɗano da ƙanshi. Idan najasa ta canza ɗaya daga cikinsu, ruwan bai halatta a yi alwala ko wanka da shi ba. Idan ba ta canza ba, ruwan yana nan kan tsarkinsa. Wannan hukunci ne na ibada, kuma sauƙi ne daga Allah ga bayinsa. Sai dai wasu sun ɗauke shi sun mai da shi hukuncin lafiya, suna cewa tun da ruwan rijiyarmu garau yake, ba wari ba ɗaci, to babu komai. Ƙwayar kwalara ba ta canza launin ruwa, ba ta canza ɗanɗanonsa. Haka ƙwayar taifot, haka ta ciwon hanta. Ruwa na iya halatta ga alwala ya kuma kwantar da yaro a asibiti.

Tarihi ya ba da shaida a kan haka. A 1854 kwalara ta ɓarke a unguwar Soho ta birnin Landan, ta kashe mutum sama da 600. Wani likita, John Snow, ya bi gidajen mamata ɗaya bayan ɗaya, ya gano cewa kusan dukansu daga famfon rijiya guda suke sha, a titin Broad. Mutanen unguwa suna yabon ruwan wannan rijiya, har wata gwauruwa da ta ƙaura zuwa wata unguwa mai nisa takan sa a riƙa kawo mata shi saboda daɗinsa, ita ma ta rasu. Da aka tona daga baya sai aka tarar tsakanin rijiyar da ramin masan wani gida bai kai mita guda ba, ginin ramin ya ruɓe, kuma a cikinsa aka zuba ruwan wankin tsummokin wata jaririya da ta kamu da cutar. Mu ma a nan ba baƙin wannan annoba ba ne. A 2018 ta taso daga yankin Madarunfa a jihar Maraɗi, a 2021 ta dawo ta kama mutum sama da 5,000 a jihohi da dama. A 2017 kuma ciwon hanta nau'in E, wanda shi ma ta gurɓataccen ruwa yake bi, ya ɓarke a jihar Difa, mafi yawan waɗanda ya kashe kuwa mata ne masu juna biyu.

Saboda haka masana tsabta suka ce a bar aƙalla mita 30 tsakanin puwizar ko salanga da kowace rijiyar sha, dokar Faransa ma ta ce 35. Kuma gindin ramin ya tsaya sama da ruwan ƙasa da kamar mita biyu, a lokacin da ruwan ya fi tasowa, wato ƙarshen damina. Wannan awo ba ya tsayawa a katangarka. Fili mai tsawon mita 20 ba zai ba ka mita 30 ba, don haka dole mai haƙa rami ya leƙa ya tambayi maƙwabtansa ta kowace kusurwa inda rijiyoyinsu suke. Malamanmu ba su bar wannan ba. A cikin Mudawwana ta Imamu Sahnunu an kawo mas'alar wanda ya yi sabon masai da ke cutar da rijiyar maƙwabcinsa, hukuncin kuwa shi ne a hana shi, ko da a cikin mallakarsa ya haƙa. A ƙarni na 14 wani magini na Tunis, Ibnur Rami, wanda alƙalai ke aikawa ya duba rigingimun gine-gine, ya rubuta littafi sukutum a kan irin waɗannan hukunce-hukunce na cutar da maƙwabci ta hayaƙi da wari da magudanar ruwa. Wato maganar nisan rami da rijiya tana da babi a shari'a tun kafin a san sunan bakteriya.

Ƙasa kuma ba ɗaya ba ce. A yankin dallol da gefen gulbi da bakin kogin Kwara ruwa yana kusa, rami kaɗan za a haƙa a taras da shi, can sai an ɗaga ginin sama. A Damagaram dutse ne a ƙarƙashin unguwanni da yawa, ruwa ba ya nutsewa yadda ake so. Magini na gari yakan gwada ƙasar tukuna: ya haƙa ɗan rami, ya cika shi da ruwa, ya ga saurin da take sha.

Sai maganar girma, wadda a ganinmu ita ce tushen wahalar gidaje da dama. Ƙa'idar da ta zo mana daga Faransa ta ce fos mai lita 3,000 ya ishi gida mai manyan ɗakuna biyar, wato kamar tano 15 masu lita 200. Wannan awo an yi shi ne don iyali na mutum huɗu ko biyar. Masana sun ƙiyasta cewa kowane mutum yana barin laka tsakanin lita 25 da lita 40 a shekara, gwargwadon ko ruwan wanka da wanki yana shiga fos ɗin ko ba ya shiga. To, a yi lissafi da gida irin namu, mai mutum 15: mai gida da iyalansa, da tsohuwa, da ƙannen da suka zo karatu daga ƙauye. Lita 40 sau 15 ya ba da lita 600 a shekara. Ƙa'ida ita ce a kwashe idan laka ta kai rabin zurfin ruwan, wato lita 1,500. Ke nan cikin shekara biyu da rabi ramin ya isa kwashewa, alhali gidan mutum biyar zai kai shekara bakwai da rabi. Ba mu sa baƙin suna da na biki ba, ba mu sa almajiran da ke kwana a zaure ba. Wanda ke shirin gini ya ƙirga kawuna, kada ya ƙirga ɗakuna.

Kuskuren da ya fi tsada shi ne jiran ramin ya yi magana. Mutane da yawa ba sa kiran motar kwasa sai ruwa ya ƙi wucewa, ko wari ya hana zaman tsakar gida. A lokacin ɓarnar ta riga ta auku. Idan laka ta wuce rabi, ruwa ba ya samun wurin kwanciya, sai ya kwashi lakar ya wuce da ita puwizar, ta liƙe ƙofofin ƙasa kamar yadda yaɓe ke liƙe bango. Fos ana kwashe shi ya koma sabo. Puwizar da ta toshe kuwa sau da yawa sai dai a tone ta, a sake duwatsu, ko a haƙa wata, ga shi filin ya ƙare.

Awon ba shi da wuya, sau ɗaya a shekara ya wadatar. A sami sanda doguwa, a naɗe ƙasanta da farin tsumma kamar tsawon mita guda, a ɗaure tamau. A buɗe murfin ɗaki na farko, a ja da baya a bar iska ta fita, sannan a zura sandar ta huda ɓawon sama har ta taɓa ƙasa. A bar ta ƴan mintoci, a zaro a hankali. Baƙin da ya kama tsumman shi ne zurfin laka, jiƙar sandar kuma zurfin ruwa. A rubuta ranar da awon a bangon makewayi ko a cikin littafin gida. Lokacin da ya fi dacewa shi ne watan Afrilu ko Mayu, kafin ruwan farko, don idan akwai kwasa a yi ta hanya na bushe.

Idan masu kwasa suka zo, a ce su zuƙe ɗakunan biyu, su fasa ɓawon sama su kwashe shi, kada su tsotse ruwan tsakiya kawai su tafi su bar lakar da aka kira su dominta. A bar ƴar laka kaɗan a ƙasa, kamar yadda mai nono ke barin ɗan tsohon nono a ƙwarya don sabuwar madara ta kama. Kada a wanke cikin da magani. A mayar da ruwa a ciki, musamman inda ƙasa ke da damshi, don kada matsin ƙasa ya tsaga bangon.

Yanzu ga iyayenmu mata da sauran masu riƙe da tsabtar gida. Ƙananan halittun nan da muka ambata suna mutuwa. Girezil da ruwan jabel idan aka riƙa kwarara su da yawa, da kananzir, da baƙin man mota, da maganin ƙwari, da tsofaffin batura da wasu ke jefawa wai don rami ya lotsa, duka suna kashe su ko su gurɓata ruwan ƙasa. Ramin da ma'aikatansa suka mutu yakan fi saurin cika, ya fi wari. Ɗan jabel na wanke bakin masai ba ya komai, cika bokiti a juye shi ne ɓarna. Akwai kuma abubuwan da ba sa narkewa ko shekara nawa suka yi: leda, da audugar mata, da ƙunzugun jarirai na kanti, da tsumma, da guntun sigari. Tsarki da dutse ko hoge ya halatta a shari'a, amma dutsen ba a fos zai kwana ba, a tanadar masa wani wuri. Maiƙon girki shi ma abokin gaba ne, yakan daskare ya toshe tiyo. Ranar layya, ruwan wankin tumbi da hanji da kitse a haƙa masa rami daban a binne. Ruwan indararo kuma kada a bari ya gangara cikin fos, ruwan sama guda yana iya tayar da lakar shekara ya tura ta puwizar.

Tiyon shaƙar iska ya zarce rufin ɗaki, a ɗaure bakinsa da raga don ƙuda da sauro. Dogon yaro da turare su yi nisan aƙalla mita 3 da ramin, saiwarsu tana bin damshi har ta fasa siminti. Kada a ajiye mota a kan murfin. Murfin da ya tsage a sake shi a ranar, gidan da ke da yara masu rarrafe bai kamata ya kwana da shi ba.

Akwai wata ɗabi'a da ba za mu yi mata lulluɓi ba. Idan hadari ya haɗu cikin dare, ruwa ya sauka, sai wasu su fito su zare toshiya, su saki abin da ke cikin raminsu ya bi ruwan titi, da tunanin ruwa zai tafi da shi. Ruwan ba ya tafiya ko'ina sai gidan da ke gangare. Da safe yara su yi wasa a cikinsa, masu zuwa sallar asuba su taka shi har bakin masallaci, mai ƙosai ta kafa kaskonta a gefensa. Gaskiya ne malaman Malikiyya sun yi rangwame game da taɓon ruwan sama da ke kan hanya, ko da an san akwai najasa a cikinsa, matuƙar ba ta rinjaya ba. Amma wannan rangwame na mai wucewa ne wanda ba shi da yadda zai yi, bai zama izini ga wanda ya saki ƙazantar ba. Hadisi ya zo da tsoratarwa mai tsanani, har da ambaton la'ana, game da wanda ke biyan buƙatarsa a kan hanyar mutane ko inuwarsu ko mashayarsu. Idan wannan hukuncin mutum guda ne a zama guda, ina ga wanda ya saki tarin shekara biyu na gida guda? Waɗanda suka ga ambaliyar Yamai ta 2020, lokacin da Kwara ta shiga Saga da Lamorde da Kirkisoy, sun san yadda ruwa ke haɗa masai da rijiya da ɗakin kwana ba tare da an taimaka masa ba.

Sannan mutanen da ke yi mana wannan aiki. A unguwannin da mota ba ta iya shiga, ko inda kuɗinta ya gagara, da hannu ake kwasa, da bokiti da shebur, galibi cikin dare saboda ƙyamar da ake nuna musu. Ramin yana tara iska iri biyu masu kisa. Ɗaya tana kama wuta, saboda haka ba a kusantarsa da ashana ko sigari ko fitilar kwai. Ɗayar tana warin ruɓaɓɓen ƙwai, ta fi iskar shaƙa nauyi don haka a ƙasan rami take kwanciya, kuma idan ta yi yawa takan kashe jin wari, mutum ya zaci ta tafi. Shaƙa kaɗan ta isa ta sumar da ƙato. Abin da aka sha gani a ƙasashe da yawa shi ne na farko ya faɗi, na biyu ya shiga ceto ya faɗi, na uku ya bi su. Idan wani ya faɗi a rami kada kowa ya bi shi ciki hannu rabbana, a kira ƴan kwana-kwana. Kuma kada a taɓa tura yaro ya ɗauko abin da ya faɗa, ko wayar salula ce ko zobe. Mai gidan da ya ɗauki ma'aikaci ya bar ramin a buɗe ya sha iska tukuna, ya tabbatar akwai igiya da mutum biyu a sama, da takalman roba da safar hannu, ya ba su ruwa da sabulu wadatacce idan sun gama, ya biya su a take ba tare da ja-in-ja ba. Wanda ya ɗauke maka abin da kai ba ka iya kallo ya cancanci a gaishe shi da sunansa idan an haɗu da rana.

Kafin a biya kuma a tambaya: ina za a zubar? Haƙa rami a jikin katanga ta waje a juye a rufe da ƙasa kaɗan, mayar da ciwon ne kan titi. Juyewa a ƙorama ko kusa da garaken salak da kabeji kuwa, dawo da shi ne cikin kwanon abinci, domin ƙwan tsutsar ciki yana rayuwa watanni masu yawa a cikin laka. Tana zama taki mai kyau, amma sai ta yi kamar shekara biyu a rufe ta bushe. A tambayi ma'aikatar magajin gari wurin da aka keɓe, a kuma zaɓi mai motar da aka san can yake kaiwa, ko da ya ɗan fi tsada.

Gidajen haya su ne suka fi shan wahala, domin mai gida yana cewa ba ni na cika ba, ƴan haya suna cewa ba mu muka gina ba, ramin kuwa yana ta cika. Muktasar na Shehu Halilu, a babin hayar gidaje, ya halatta a sa kwasar masai ta zama sharaɗi a cikin yarjejeniya. To, a yi amfani da wannan: tun ranar karɓar mabuɗi a faɗa a gaban shaidu wa zai biya, kuma kashi nawa. Inda ɗakuna suke da yawa, a riƙa ajiye ɗan abu kowane wata a hannun amintacce guda, kamar yadda ake adashi. Muna kuma roƙon kwamitocin masallatai da makarantun Islamiyya, waɗanda makewayinsu ke karɓar ɗaruruwan mutane ranar Juma'a da watan azumi, su sa awon rami cikin ayyukan da ake dubawa kafin damina, su ware masa kaso a cikin asusu tare da kuɗin tabarmi da na wuta.